Yadda Ake Ziyartar Birnin Sapporo a Tsakiyar Hunturu

Sapporo ita ce babban birnin tsibirin Hokkaido da ke can arewacin Jafan. Mutanenta sun kusa miliyan 2, kuma dusar ƙanƙarar da ke zubo mata a shekara takan kai kusan mita 5 idan aka haɗa. Duk da haka yara na zuwa makaranta, kasuwa na ci, jiragen ƙasa na tashi. A nan aka yi wasannin Olamfik na hunturu a 1972. Na sha shiga garin tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma abin da nake fara faɗa wa duk mai shirin zuwa shi ne: sanyin kansa yana da sauƙin magani. Abin da ke ɓata wa baƙo tafiya abu biyu ne, santsi da jiƙewa. Idan ka tsare ƙafarka, ka kuma hana gumi da ruwa zama a jikinka, sauran duk mai sauƙi ne.

Kayan da za ka tanada

Takalmi shi ne farko. Ka nemi mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, mai ƙasan roba da zane mai zurfi. Ya ɗan fi ƙafarka girma don safa mai kauri ta samu wuri, domin takalmin da ya matse yana hana jini gudana, yatsu su yi saurin sandarewa. Takalmin ofis mai sumul ɗin ƙasa ka bar shi a gida.

Tufafi kuwa hawa uku ake yi. Na ciki shi ne riga da wando masu manne wa jiki, na ulu ko na yadin roba mai riƙe ɗumi. Kada ka sa singiletin auduga a ciki, domin auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka fito waje sai ta koma kamar an shafa maka ruwan firji. Na tsakiya suwaita ce mai ɗan kauri. Na waje babbar rigar sanyi mai hula, wadda iska da ruwa ba sa ratsawa, ta sauko ta rufe cinya. Sai hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, mayafin wuya, da safar ƙafa ta ulu aƙalla ƙafa uku. 'Yan'uwa mata masu doguwar riga ko abaya su sa wandon ɗumi a ciki, kuma bakin rigar ya tsaya a idon sawu, don wanda ke jan ƙasa yana kwasar dusar ya jiƙe. Hijabi mai kauri yana tare kunne da wuya sosai.

Ƙananan kaya: basilin ko man kaɗanya, man leɓe, tabarau mai tare hasken rana, batirin ajiya na cajin waya, da adafta. Wutar Jafan bolt 100 ce, kuma ramin soket ɗinsu na baki biyu ne masu faɗi, filogin gida mai baki uku ba ya shiga. Ka ɗauki jakar goyo maimakon ta hannu, za ka ga dalili a gaba.

Idan ba ka samu kayan sanyi masu kyau a gida ba, kada ka damu. Ka sayi babbar rigar da takalmin ko a 'yan gwanjo, abin da zai kai ka daga filin jirgi zuwa masauki, sauran ka saya can. Shagunan Uniqlo suna sayar da rigar ciki mai suna Heattech, kuma akwai su kusa da tashar jirgin ƙasa ta Sapporo.

Mataki na 1: Zaɓen lokaci da kama masauki

Dusar takan zauna a ƙasa daga Disamba har cikin Maris. Janairu ya fi sanyi, da asuba ma'auni kan sauka kusan digiri 7 ƙasa da sifiri, wani lokaci ya wuce haka. Bikin dusar ƙanƙara, wanda suke kira Yuki Matsuri, ana yin sa ne a farkon Fabrairu na kimanin mako guda, kuma yana tara mutane wajen miliyan 2. Idan shi ne ya kai ka, ka kama otal tun watanni kafin lokacin, domin ɗakuna na ƙarewa kuma kuɗinsu na tashi. Idan kuwa dusar da garin kake son gani cikin natsuwa, ni tsakiyar Janairu nake ba da shawara.

Masauki ya kasance kusa da ɗaya daga tashoshi uku: Sapporo, Odori ko Susukino. Tafiyar minti goma a taswira takan zama ashirin a kan ƙanƙara, saboda haka ka fifita otal ɗin da ke dab da ƙofar shiga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a kan wanda ya fi araha amma yana nesa.

Mataki na 2: Biza, inshora da abin da ba a shiga da shi

Bizar ɗan Najeriya ofishin jakadancin Jafan da ke Abuja ne ke bayar da ita, ta ɗan Gana kuma na Akara. Za a nemi fasfo, hoto, takardar banki, shaidar aiki ko sana'a, da jadawalin inda za ka kwana kowace rana. Ka rubuta jadawalin nan da gaskiya, ya yi daidai da tikitin jirgi da otal. Kafin ka tashi ka cika bayananka a shafin Visit Japan Web, ka adana hoton lambar da zai ba ka a waya, yana rage tsayuwa a layi.

Ka yi inshorar lafiya ta tafiya. Karaya a wuyan hannu ko a ƙugu ita ce raunin da aka saba gani a wannan lokaci, kuma kuɗin asibiti ga baƙo yana da nauyi. Mai ciwon sikila, mai asma da mai hawan jini su ga likita kafin su sayi tikiti. Na sikila na fi jaddadawa, domin tsananin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon.

Kilishi, dambun nama da duk wani abincin nama an hana shiga da su Jafan, ko an naɗe su da kyau, kuma hukuncin na iya kai tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Akwai karnuka masu shinshina a wurin ɗaukar kaya. Ɗanyen goro da 'ya'yan itace ma ka bar su, suna buƙatar takardar hukumar tsirrai. Magunguna masu kodin suna buƙatar izini tun kafin tafiya. Duk maganin da za ka riƙe ya kasance cikin kwalinsa, da takardar likita.

Mataki na 3: Hanya da sauka

Daga Abuja, Kano ko Legas za ka ya da zango a gari irin su Adis Ababa, Doha ko Santambul, sannan ka sauka Tokyo. Tokyo na da filin jirgi biyu, Narita da Haneda, kuma tsakaninsu ya fi tafiyar awa guda. Ka duba tikitinka da kyau, kada ka sauka a ɗaya alhali jirginka na gaba a ɗayan yake, ba ka bar isasshen lokaci ba. Daga Tokyo zuwa New Chitose, babban filin jirgin da ake sauka don shiga Sapporo, kimanin awa ɗaya da rabi ne. Agogon Jafan yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa 8.

Babbar rigar, hula da safar hannu su kasance a jakar da ka shiga jirgi da ita, ko akwati ya makara kana da abin fita. Da ka sauka New Chitose ka yi abu uku kafin ka bar ginin. Ka ciri kuɗi a na'urar bankin Seven ko ta gidan waya, su ne suka fi karɓar katin waje. Ka sayi katin hawa jirgi mai suna Kitaca, ko ka yi amfani da Suica idan ka samo a Tokyo, duka suna aiki a jirgin ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa. Sannan ka nemi suberidome, wata roba ce mai ƙananan ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi. Ana samun ta a shagunan filin jirgi da na tasha.

Jirgin ƙasa mai suna Rapid Airport yana tashi daga ƙasan ginin, ya kai ka tashar Sapporo cikin kusan minti 40. Idan dusa ta tsayar da shi, akwai bas-bas zuwa cikin gari, sai dai layinsu kan yi tsawo. Akwati mai taya ba ya tafiya a kan dusa, tayar takan cushe. Daga tasha ka ɗauki tasi, ko ka ba kamfanin kai kaya irin su Yamato a filin jirgi su kai maka otal, galibi washegari yake isa.

Mataki na 4: Koyon tafiya a kan ƙanƙara

Nan ne nake so ka fi tsayawa, domin a nan tafiyar mutane da yawa ke lalacewa tun ranar farko.

Sabuwar dusa mai laushi ba ta kayar da mutum. Wadda ke kayarwa ita ce wadda aka tattake, rana ta ɗan narkar da ita, dare ya sake daskarar da ita har ta yi ƙyalli. Wani lokaci siririya ce ƙwarai, sai ka ɗauka kwalta ce ta jiƙe kawai. Duk inda ka ga ƙasa ta yi baƙi tana sheƙi, ka ɗauka ƙanƙara ce.

Ga yadda ake takawa. Ka rage tsawon takunka zuwa rabin wanda ka saba. Ka sauke tafin ƙafa gaba ɗaya lokaci guda, kada dunduniya ta riga sauka. Ka ɗan sunkuyar da jiki gaba, gwiwa a sake. Hannaye biyu su kasance a waje, ba cikin aljihu ba, wannan ne amfanin safar hannu da jakar goyo. Jakar ma takan kare baya da ƙeya idan mutum ya faɗi rigingine. Kada ka duba waya kana tafiya, ka tsaya gefe ka gama tukuna. Duk wanda ya taɓa bin hanyar laka bayan ruwan Agusta ya san irin takun, bambancin kawai ƙasar nan tauri gare ta idan an faɗi.

Wuraren da suka fi santsi sanannu ne: fararen layukan tsallaka titi, bakin tashar bas da ta tasi, ƙofar gareji inda motoci ke shiga da fita, da matakalar sauka ƙarƙashin ƙasa. Idan fitila ta kusa canjawa, ka jira ta gaba, kada ka yi gudu. A mahaɗar tituna da yawa za ka ga akwati ɗauke da ƙananan jakunkunan tsakuwa. Kyauta ne, an ajiye don kowa ya ɗauka ya barbaɗa inda ya ga santsi. Ka ɗauka ka zuba, ka mayar da jakar da ta ƙare cikin akwatin. Yana cikin abubuwan da suka sa nake ƙaunar garin nan.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne a bakin ƙofa. Dusa ta manne a ƙasan takalmi, mutum ya taka tayil, sai ƙasa. Ka buga ƙafa a tabarmar ƙofa kafin ka shiga, ka karkaɗe kafaɗa da hula don kada dusar ta narke ta jiƙa ka. Idan kana sanye da suberidome mai ƙusa, ka cire shi a cikin gini, domin a kan tayil ya fi takalmi santsi, kuma yana ɓata daɓen mutane.

Ka riƙa ɗaga kai ma. Ƙanƙara na daskarewa a bakin rufi ta yi tsini, dusa kuma na zamowa daga saman gini da nauyinta, musamman ranar da aka ɗan samu ɗumi. Inda ka ga an ja igiya ko an jera alamu a gefen bango, ka kauce.

Mataki na 5: Riƙe ɗumin jiki

Cikin jirgi, shago da otal ɗumi ne sosai. Da ka shiga ka buɗe zif, ka cire hula da mayafi tun kafin gumi ya fito. Idan ka bari ka yi gumi, minti biyar bayan fitowarka za ka fara rawar ɗari.

A kowane ƙaramin shago na unguwa, irin su Seicomart da 7-Eleven, ana sayar da kairo, wani ɗan ƙunshi ne da ke yin zafi na sa'o'i da zarar an buɗe ledarsa. Akwai na aljihu, akwai mai mannewa a riga, akwai na cikin takalmi. Mai mannewar a kan rigar ciki ake sa shi, ba a kan fata ba, kuma ba a kwana da shi, domin yana ƙona fata a hankali mutum bai ji ba.

Idan yatsa, kunne ko hanci ya yi fari ya daina ji, ka shiga wuri mai ɗumi nan take. Ka ɗumama shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, kuma kada ka murza. Idan jin bai dawo ba, ka je asibiti. Lambar motar asibiti 119 ce, ta 'yan sanda 110. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, ka shafa mai safe da dare, don iskar ɗaki tana busar da fata ƙwarai. Waya kuma ta zauna a aljihun ciki kusa da jiki, sanyi yana cinye batir da sauri.

Mataki na 6: Sanin gari da tsara yini

An tsara Sapporo ne layi-layi. Filin Odori ya raba arewa da kudu, kogin Sosei ya raba gabas da yamma. Adireshi kan zo da Kita, wato arewa, ko Minami, kudu, sannan Nishi, yamma, ko Higashi, gabas, kowanne da lambarsa. Da ka gane wannan ba ka ɓata.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi uku ne: Namboku, Tozai da Toho, duka suna haɗuwa a Odori, kuma dusa ba ta cika shafar su ba. Akwai kuma hanyar ƙafa a ƙarƙashin ƙasa mai suna Chi-Ka-Ho da aka buɗe a 2011, daga tashar Sapporo zuwa Odori, daga nan kasuwar Pole Town ta kai ka Susukino. Ranar da iska ta yi tsanani za ka iya ratsa tsakiyar garin ba ka fito waje ba. Hayar mota kuwa ban yarda da ita ba ga wanda bai saba ba, ko da ya iya tuƙi shekara da shekaru.

Rana gajera ce. A Disamba wajen ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, a Fabrairu kusan biyar. Ka fita da wuri, ka yi awa ɗaya ko ɗaya da rabi a waje, ka shiga ka ɗumama, ka sake fita. Kada ka cusa wurare biyar a yini guda.

Idan lokacin biki ne, ka fara da Odori. Bikin ya samo asali ne a 1950, lokacin da 'yan makaranta suka gina siffofi shida da dusa a filin nan, daga 1955 kuma sojojin Jafan suka shigo suna gina manya. Filin ya kai kilomita ɗaya da rabi, ka bi shi da safe kafin cunkoso, ka koma da dare idan an kunna fitilu. A Susukino sassaƙen ƙanƙara ake yi, a filin wasanni na Tsudome kuma wasannin zamiya na yara, ana zuwa ta layin Toho. In ba lokacin biki ba ne, akwai tsohon ginin agogo na 1878, akwai harabar Jami'ar Hokkaido, akwai dutsen Moiwa mai tsayin mita 531 da ake hawa cikin tarago mai rataye a igiyar ƙarfe don ganin garin da dare. Iskar samansa ta fi ta ƙasa sanyi, ka ƙara kaya. Garin Otaru da ke bakin teku bai kai tafiyar awa guda a jirgin ƙasa ba, ya cancanci yini.

Jozankei wurin wankan ruwan zafi ne na ƙarƙashin ƙasa, kimanin awa guda a bas. Ka sani a babban wurin wankan ana tuɓewa gaba ɗaya, maza daban mata daban. Wanda hakan bai yi masa ba ya nemi masauki mai kashikiri, ɗakin wanka da ake kama wa mutum shi kaɗai ko da iyalinsa.

Mataki na 7: Abinci da salla

Abincin da aka fi sanin garin da shi taliya ce cikin romo, miso ramen, kuma galibi da ƙashi da naman alade ake haɗa ta. Kada ka ci sai a gidan da ya bayyana cewa halal ne. Jingisukan gasasshen naman tunkiya ne, amma ka tambayi yankansa da abin da ke cikin miyar tsomawa, domin giyar sake da mirin suna shiga miyar Jafan da yawa. Mafita mai sauƙi ita ce abincin teku: ƙaguwa, kifi, jatan lande, ƙwan kifi a kan shinkafa, kuma kasuwar Nijo cike take da su. Ka haddace alama biyu don duba kwali a shago: 豚 alade ne, 酒 giya ce. Ka kuma riƙe rubutacciyar takarda da Jafananci mai cewa ba ka cin su, ka miƙa wa mai kawo abinci. Idan ka rasa komai, madarar Hokkaido, dafaffen ƙwai, ayaba da farar shinkafa suna kowane ƙaramin shago.

Akwai masallaci a unguwar da ke gabas da Jami'ar Hokkaido, ana sauka a tashar Kita-Juni-Jo ta layin Namboku, kuma a nan za ka samu labarin gidajen abincin halal da ke buɗe a lokacin. Filin jirgin New Chitose ma yana da ɗakin salla. Alƙibla daga Sapporo yamma take, ta ɗan karkata arewa, saboda haka kada sabon gida ya sa ka fuskanci gabas. Azahar na shiga kafin sha biyu na rana, La'asar da Magariba kuma suna biyowa kusa da kusa. Ka yi alwala a otal kafin ka fita, ka goge jiki ya bushe sarai, domin fita da jiƙaƙƙen hannu ko gemu cikin wannan sanyi yana tsattsage fata.

Mataki na 8: Komawa

Kada ka sa jirginka na Sapporo zuwa Tokyo a rana ɗaya da jirgin komawa gida. Ka kwana ɗaya a Tokyo a tsakani. Dusa na rufe titin saukar jirgi a New Chitose, kuma a Fabrairun 2022 ta tsayar da jiragen ƙasa na yankin Sapporo har na kwanaki, matafiya da yawa suka kwana a filin jirgi. Tun daren jajibiri ka duba hasashen yanayi da shafin kamfanin jirginka da na JR Hokkaido, kamfanin jiragen ƙasa na tsibirin. Idan an yi hasashen dusa mai yawa, ka bar otal awa biyu kafin lokacin da ka tsara, ko ka koma masauki a garin Chitose ka kwana kusa.

Idan an soke jirgi, ka fara sauya tikiti ta waya kana tsaye a layi, ya fi jiran teburi sauri. Idan kuma sama ta ƙi buɗewa alhali jiragen ƙasa na tafiya, akwai wata hanyar: jirgin ƙasa mai suna Hokuto daga Sapporo zuwa tashar Shin-Hakodate-Hokuto, kimanin awa uku da rabi, daga nan Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, zuwa Tokyo cikin awa huɗu da ɗoriya. Yini guda take ci kuma tana da tsada, ka ware kuɗinta a gefe tun daga gida. Takalmi da safa ka shanya su kusa da na'urar ɗumama ɗaki tun dare, ba a kanta ba, su bushe kafin su shiga akwati.